Yadda Ba'amurkiya Ta 'Yanta Ni a Jidda

Bizar umarata ta mutu ina zaune a wani ɗaki a unguwar Madain Fahd ta Jidda, ina jiran mutumin da ya ce zai samo mini kafili, wato wanda zai tsaya mini a wurin hukuma, da iƙama, takardar izinin zama. Ɗan yankinmu ne, ko kuma haka ya ce. Ya san ranar kasuwarmu, ya san sunan limaminmu, har ta'aziyyar mijina ya yi mini da ƙwalla a idonsa. Ya karɓi 'yan kunnena na zinariya da sarƙar da uwata ta ba ni, ya ce in ba shi zuwa Juma'a. Ban sake ganin ƙeyarsa ba. A kansa na ɗauki karatun farko na Jidda: duk wanda ya cika yi maka tambaya yana murmushi, riƙe jakarka da kyau.

Sunana Kubura. Bagobira ce ni daga gabashin Sakkwato, kuma kafin 'yan bindiga su tashi ƙauyenmu malamar firamare ce ni. 'Ya'yana biyu suna wurin uwata, a wani kango da muka raɓa a cikin gari. Don su na ƙi hawa jirgin komawa.

Da masu ɗakin suka gaji da ni, sai Allah ya haɗa ni da Rabi, wata 'yar Maraɗi mai tallar turare a bakin masallaci. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke ma ya cinye ki ke nan? Taho mu tai wurin Inna." Ta kai ni unguwar Sa'alaba, cikin wani lungu da tsofaffin gidaje suka matse juna, gidan Hajiya Maimuna.

A Jidda aka haifi Hajiya Maimuna. Kakanta ne ya taho aikin hajji da ƙafa, bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, bakinta kuwa ba ya hutawa da faɗa. Tana zaune a saman bene, ƙasa kuma ta bar wa mata irina ɗakuna biyu, masu aikatau da masu talla. Duk Inna muke kiranta. Ranar da na zo ta kafa mini doka tun kafin in ajiye kaya.

"Ya binti, gidan nan ba shi da adireshi. Ba kya faɗa wa uwar ɗakinki inda kike kwana. Ba kya zuwa da kowa ƙofata. Mota ba ta sauke ki a lunguna. Wadda ta karya, halas."

Ban ga laifinta ba. Wanda ba shi da iƙama ba ya kama haya, ba ya sauka a otal, ba ya shiga asibiti da gaba gaɗi. In aka kama shi sai tarhil, inda ake tara mutane kafin a mayar da su ƙasashensu, kuma wanda ya ɓoye shi ma bai tsira ba. Abin da ke tsakanina da tarhil ƙofar Inna ce kawai. In na rasa ta, 'ya'yana sun rasa abinci.

Na fara aikatau a gidajen Larabawa. Akwai na kirki, akwai wadda take shinshina bakina ta ji ko na taɓa mata dabino. Na koyi goge tayil, na koyi injin wanki iri-iri, na koyi yin shiru. In ina kan hanya nakan waiwaya kamar wadda ta saci kaza. Kewar gida kuwa ba a magana. Wata rana na ji wani yana kiran ɗansa da sunan ɗana a bakin shago, na tsaya na yi kuka a cikin niƙabi, ba wanda ya sani.

Rabi ce ta zo mini da labarin Baturiya. Ta ce wata Ba'amurkiya mai koyar da Turanci ta kama gida a unguwar Ruwais, tana neman mai aiki da ke jin harshenta. "Ke da kika yi boko, ga ranar bokonki ta zaka," in ji ta. Na ce mata ni ban yarda da Bature ba. Ta ce, "Ke dai da wa kika yarda?"

Sunan matar Suzan. Doguwa ce, ta manyanta, ba miji, ba ɗa a tare da ita. Da Turanci muke magana, nata yana gudu, nawa yana ɗingishi. Ranar farko ta kama hannuna ta kai ni kicin, ta murɗa famfo, ta ce a hankali, kamar mai yi wa kurma bayani, "Ruwa. Nan yake fitowa. Ba sai kin je rafi ba." Ta kunna fitila ta kashe, ta sake kunnawa, tana kallona ko zan firgita. Ta buɗe firji ta sa hannuna a ciki in ji sanyi. Ni da na bar gidan da injin wankinsu ya ninka nata, na gyaɗa kai na ce na gode.

Tambayoyinta ba sa ƙarewa. Ko zaki yana shigowa ƙauyenmu? Na ce zaki ɗaya na taɓa gani, a gidan zu, ranar da muka kai 'yan makaranta, shi ma ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ko na taɓa ganin likita? Ko a ƙasarmu ana barin mace ta yi magana a gaban maza? Na so in kai ta ƙauyenmu ranar da uwata take rigima da mai awo. Jiddar ma da take zaune a ciki ba ta ganta ba tukuna. Da akwati guda na sabulu da abincin gwangwani ta taho, don an ce mata hamada ce da raƙuma. Duk macen da ta gani da niƙabi a titi, a wurinta kuka take yi a ciki. Ta ce mini, "A gidana ba dole, kina iya jefar da shi." Ban gaya mata cewa niƙabin nan ya fi mini kowace takarda amfani a bakin titi ba.

Ni ma ba a bar ni a baya ba. A fina-finai na san Amurkawa, don haka na daɗe ina neman bindigarta. Ƙarƙashin katifa, bayan littattafai, cikin takalma, duk na duba ina shara. Ban samu komai ba sai maganin hawan jini da hoton wani kare.

Amma tambayar ce ta hana ni sakewa. Kullum tana gaban kwamfuta tana rubutu. Wa take rubuta wa? Me ya sa take son sanin sunan garinmu? Me ya sa ta nace sai na zauna a kujera mun ci abinci a tebur ɗaya, sai na kira ta da sunanta gatsal, mace da ta kusa haifata? Na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Komai ta tambaya, amsata ɗaya ce, lafiya lau. Ina kike kwana? Can. Da wa? Da 'yan'uwa. In tana magana nakan sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mini a yi wa babba. Ashe duk tana tarawa, kuma ba yadda na nufa take karantawa ba.

Sai maganar fuskata. Ina da tsagar Gobirci, kunci biyu, daga gefen baki zuwa kunne. A gida abin tutiya ce, kakata takan ce Bagobiri ba ya ɓata. Tun ranar farko na ga idon Madam yana zuwa yana dawowa a kanta. Ran nan ina yankan albasa ta matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Kubura, wa ya yi miki wannan?"

"Wanzami, Madam."

"Kina da shekara nawa?"

"Ina jaririya."

Ta dafe ƙirji. "An kama shi?"

"An dai ba shi goro da nama."

Idonta ya ciko. Na ga alamar in na ƙara bayani zan ƙara ɓata lamarin, sai na ci gaba da yankan albasata. Da na ba su labari a gida, Rabi ta yi dariya har da faɗuwa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baturiyar nan tana da idanu da yawa. Ki kula."

Kada in ci amanar matar, tana da kirki. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. In azahar ta yi, ita ke tuna mini, har darduma ta saya ta ajiye mini a ɗakin baƙi. Da ta ji ina da 'ya'ya, ta sayi littattafai masu hotuna ta ce in aika musu. Amma abin da ya kore ni daga gida, da yadda aka kashe mijina a gona, ba ta taɓa tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Tana da tata Afirkar a ka, ta ishe ta.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama ni, lokacin da zafin Jidda yake haɗuwa da gumin teku. Na daure na je aiki. Ina cikin guga jiri ya kwashe ni. Na farfaɗo a kan kujerarta, tana goga mini tsumma mai sanyi a goshi, tana ba ni ruwa da cokali. Rabon da wani ya yi mini haka tun ina gaban uwata. Zuciyata ta yi laushi, bakina ma ya yi laushi.

"Asibiti za mu," in ji ta. "Ina fasfonki?"

"Yana wurin Inna."

"Wace ce Inna? Me ya sa yake wurinta?"

Na kama bakina, amma magana zarar bunu ce. Abin da ban gaya mata ba shi ne, duk macen da ta shiga gidan nan ita da kanta take miƙa wa Inna fasfonta. A ɗakin da mutane da yawa ke kwana abu yana ɓata, ga irin mutumin da ya cuce ni suna farautar takardun mutane. Inna tana zuba su a wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gadonta. In mace ta rasu, a nan ake ganin cikakken sunanta a sanar da danginta. Ba ta mayar wa mace nata sai ranar da za ta koma gida, ko ranar da zamanta a gidan ya ƙare.

Na ƙi asibiti. Ta sayo magani, ta ce to lalle ita za ta kai ni gida a motarta. Na ce a'a har na gaji, ƙafata kuma ba ta ɗaukata. Na yarda ta sauke ni a babban titi, nesa da lungunmu, na ce ga gidan nan kusa. Na jira na ga ta ja mota. Ni mai waiwaye kullum, ran nan ban waiwaya ba.

Na tarar da Inna a bakin ƙofa a kan kujerarta ta roba. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, kamar kullum. Ta taɓa goshina ta zabura.

"Haram alaiki! Da wannan wutar kika fita? So kike ki mutu mini a titi?" Ta fizge jakata, ta ɗaka mini dundu a baya irin na uwa. "Yalla, shiga ki kwanta!" Ita ta dafa mini kunu da hannunta, ta yi ta sauko da tsofaffin gwiwoyinta tana duba ni har na warke.

Da na koma aiki na ga Madam ta sauya. Ta rufe ƙofa, ta ja labule, ta zaunar da ni. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Ta ɗauko wayarta ta nuna mini hoto. Ni ce durƙushe a ƙasa. Inna a tsaye a kaina, jakata a hannunta ɗaya, ɗayan a sama. Ga ƙofarmu kore, ga shagon da ke bakin lungu da sunansa ɓaro-ɓaro.

"Na bi ki a hankali," in ji ta. "Ki yafe mini, amma dole ne. Kubura, na san abin da ake yi miki. A ƙasarmu an koya mana alamun. An riƙe miki fasfo. Kina tsoron faɗin inda kike kwana. Ba kya iya kallon mutum a ido. Ga tabo a fuskarki. Matar nan ta mallake ki, bauta ce wannan."

"Madam, uwata ce a garin nan."

"Haka duk suke cewa."

Na ce gaisuwa ce, haka muke gaida manya. Ta ce an saba mini da wulaƙanci ne har na ɗauke shi al'ada. Na ce ni na kai fasfon da hannuna. Ta ce tsoro ne ya sa. Duk ƙofar da na buɗe, sai in tarar ta riga ni shiga ta zauna. Daga ƙarshe na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a wajen lungunmu. Na ce ba ni da iƙama, matan gidan duka ba su da ita, in hukuma ta ga hoton nan mu za a kwashe, tsohuwar da ta rufa mana asiri kuma ta shiga uku.

"Ba laifinki ba ne," in ji ta, tana shafa hannuna. "Za su gane ke aka zalunta. Na riga na tura wa wata ƙawata, ta san ofishin da ke taimakon mata irinki."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa ba. Na ce ta dubi girman Allah ta kira ƙawar nan ta ce kuskure ne. Ta dube ni, hawaye na zuba. "Kin gani? Dubi abin da suka mayar da ke."

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Da muguwa ce, da na san yadda zan yi da ita. Mugu in ka roƙe shi yakan ji, in ka ba shi wani abu yakan karɓa. Wannan kuwa da zuciya ɗaya take haƙa mini rami.

A hanyar komawa duk motar da ta rage gudu sai in ce su ne. Shaiɗan ya yi ta raɗa mini in yi shiru, wataƙila ƙawar ba ta kai ko'ina ba, wataƙila ofishin ma babu shi. Amma in akwai fa? Akwai mai ciki a ɗakinmu, akwai tsohuwar da ba ta iya gudu. Na hau bene na sami Inna tana tsintar shinkafa.

"Inna, ki yi mini aikin gahwara, na zo da magana. Baturiyag ga ta ɗauki hoton ƙohwarki. Wallahi ban kawo ta ba, biyo ni ta yi."

Na zaci za ta yi faɗan da ta saba. Ba ta yi ba. Ta ajiye faranti, ta tambaye ni abin da ke cikin hoton, da wanda aka tura wa. Da na gaya mata wai ita ce mai bautar da ni, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ni? Ni ce mai bayi? La haula. Kakana da ƙafa ya zo garin nan, mutanen kirki suka ba shi inuwa, ni ma na ce in ba wasu. Yau ni ce mai bayi."

Kafin hantsin washegari ta raba matan gidan. Wasu ta tura gidan ƙanwarta, wasu gidan wata aminiyarta a Madain Fahd, ta ce su zauna can sai ƙura ta lafa. Rabi ta wuce ni da ƙullin kayanta a ka, ta ce, "Ni na kai ki, Kubura. Da na sani." Na tsaya ina jiran in ji inda za a tura ni. Aka gama da kowa, ba a kira sunana ba.

Sai Inna ta kira ni sama. Ta jawo adakar nan, ta buɗe, ta lalubo, ta miƙo mini fasfona.

"Inna, mi na yi? Zazzaɓi na ya kada ni."

"Ban ce kin ci amana ba, ya binti. Wallahi ban ce ba. Amma motar nan ta san ki. Duk gidan da na kai ki, na kai musu ita." Ta kau da kai, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ƙulla mini gurasa da dabino a leda ta tura cikin jakata. "Allah ya tsare. Yalla, tafi, kada in canza magana in cuci sauran."

Na fita da rana tsaka. A duk faɗin Jidda ƙofa ɗaya ta rage da na sani, sai na nufi Ruwais. Mai gadin benen ya bi jakata da kallo har na shige. Madam ta buɗe, ta ga kayana, ta ga fasfo a hannuna. Ta yi ihu, ta rungume ni, tana kuka tana dariya.

"Ta ba ki! Ta ji tsoro ta ba ki! Kubura, kin sami 'yanci!"

Na bari ta gama. Na ce, "To, Madam, tunda na sami 'yanci, ina zan kwana?"

Ta sake ni a hankali. Ta dubi jakar, ta leƙa matakala inda mai gadi ya tsaya yana saurare. Ta ce ita da son ranta ne, ga ɗakin baƙi nan. Amma gidan na makarantarsu ne, kafilinta ne ya kama mata, kuma an ja musu kunne a kan ajiye wanda ba shi da takarda. Za ta iya rasa aikinta, har a kore ta daga ƙasar. Ashe wannan dokar ta san da ita. Ta ce otal fa? Na ce ba sa karɓar irina. Ta kira ƙawarta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban shiga ba, ba ta kuma ce in shiga ba.

"Ban gane ba," in ji ta. "Dole akwai wani wuri. A ƙasarmu akwai gidajen da ake ajiye matan da ba su da wurin zuwa. A ba su gado, a ba su abinci, a ɓoye su, ba wanda zai san inda suke."

Na sunkuya na ɗauki jakata na ɗora a ka.

"Nan ma akwai, Madam," na ce. "Daga can na fito."